Abincin Malahi da Cikin Yara: Likita Na Amsa Tambayoyinku

Da zarar an shiga hutu, 'yan uwanmu na Makka da Jidda sukan kwashi yara zuwa malahi, wuraren lilo da jiragen wasa irin Shallal da Atallah na bakin Kornish, mutanen Riyad kuma su nufi Boulevard World idan lokacinsa ya zo. Tambayoyin wannan makon duk daga irin wannan fitar suka taso. Abin da na lura da shi cikin wasiƙun shi ne an fi zargin abin da aka ci, alhali yawanci matsalar tana ga lokacin da aka ci shi, ko tsawon zaman da ya yi kafin a ci.

Wata uwa daga Shari'a Mansur, Makka: Likita, na dafa kabsa da kaza da hantsi na zuba a kula, muka tafi Jidda bayan azahar. Muka bar kular a bayan mota muka shiga wasa, sai sha ɗaya na dare muka fito muka ci. Wajen ƙarfe biyu yara uku suka fara amai, ni ma zuciyata ta yi ta tashi. Maigida ya ce askirim ɗin da yara suka sha ne, amma ni ban sha ba. Shinkafar kuwa ba ta yi tsami ba, ba ta yi wari ba.

Sannu Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Tunda ke ma kin ji a jikinki kuma ba ki taɓa askirim ba, hankalina ya fi karkata ga shinkafar. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus wadda ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Dahuwa ba ta kashe ta duka, domin tana da wani ƙoƙo da take ɓuya a ciki. Idan shinkafa ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta hayayyafa, ta zubar da guba a cikin abincin. Gubar ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗano, kuma ko an sake ɗumama abincin ba ta mutuwa. Amai yakan fara daga awa ɗaya zuwa shida bayan ci, daidai da yadda kika bayyana, kuma yawanci yakan lafa cikin kwana guda.

Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin Selsiyos. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a wannan tsakanin ba, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal. To, ki auna da bayan motar da aka ajiye a Jidda da rana. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci, amma ba daga hantsi zuwa sha ɗayan dare ba. Can cikin yamma abincin ya riga ya sauko inda ƙwayar ke so.

Na san abin da ya sa ake yin guzuri. Mai yara biyar ko shida idan ya ce zai sai wa kowa abinci a cikin malahi, kuɗin ya kusa na tikitin shiga, ban ga laifin uwar da ta nemi sauƙi ba. Shawarata ita ce a ci mai nauyin a gida kafin a kama hanya, guzurin kuma ya zama abin da zafi ba ya saurin lalatawa: tamis (burodin tanderu mai faɗi), dabino, ayaba, lemu, ƙuli-ƙuli, busasshen kilishi, madarar kwali wadda ba a buɗe ba. Idan lallai sai an tafi da kaza ko ƙwai, a sanyaya su a firij tukuna, a jera su cikin akwatin ƙanƙara. Salak mai mayonis da yankakkiyar kankana su ma ba sa jure zaman mota.

Idan amai ko gudawa ya riga ya fara, ruwan jiki ake tsarewa. A sayo garin ORS a saidaliyya, wato kantin magani, a haɗa yadda aka rubuta a jikin takardar. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, shafaffu ba tsororo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A ba yaro cokali-cokali duk bayan minti ɗaya ko biyu. In ya amayar, a dakata minti goma a ci gaba. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Ina roƙon iyaye su daina saurin ɗauko Flagyl, domin ba ya yi wa irin wannan gubar komai, maganin tsayar da gudawa kuma ba na ƙananan yara ba ne. A tafi asibiti idan yaro ya yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba, idonsa ya faɗa, ya yi laushi ba ya iya sha, ko an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi. Jariri da yaro mai sikila ba a jira da su, domin ƙarancin ruwa shi ke tayar wa mai sikila ciwon ƙashi.

Wani uba daga Jidda: Ɗana mai shekara takwas duk lokacin da ya hau lilo mai juyawa sai ya yi amai. Mukan fara cin burost kafin mu shiga don kada yunwa ta dame shi. Ko yana da ciwon ciki ne?

Malam, da wuya ciwon ciki ne. Cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda jiki ke motsi. Idan saƙonsa ya saɓa da abin da ido ke gani, sai jiri da tashin zuciya su biyo, kuma yara 'yan shekara biyu zuwa sha biyu suka fi fama da haka. Soyayyar kaza da dankali kuwa maiƙonsu yakan sa su daɗe a ciki, sai lilo ya same shi da cikakken tumbi. Ku juya tsarin: ya ci abu mara nauyi kamar burodi ko ayaba awa guda kafin shiga, ya gama hawa, sannan a zauna ga burost. Ya riƙa kallon gaba can nesa, ya huta tsakanin lilo da lilo. Akwai maganin dimenhydrinate da ake sha rabin awa zuwa awa kafin hawa, sai dai yana sa barci, a tambayi mai saidaliyya adadin da ya dace da shekarunsa. Amma in aman ya ci gaba bayan an dawo gida, ko ya zo da matsanancin ciwon kai ko wuya, a kai shi a duba.

Wata 'yar'uwa daga Riyad: Mahaifiyata ta zo Umra daga Kano ta biyo ta wajenmu. Tana da ciwon suga, tana allurar insulin. Muka fita da ita da jikoki, ta ƙi cin komai a can, wai ba ta saba da abincin waje ba. Can dare ta fara rawar jiki da gumi, maganarta na sarƙewa. Sai da wani ya ba ta asir (ruwan 'ya'yan itace) ta dawo hayyacinta. Yanzu tsoron fita da ita nake.

'Yar'uwa, ki gaishe mini da Hajiya. Sukarin jininta ne ya faɗi, kuma wanda ya miƙa mata asir ya yi daidai. Abu uku suka taru: ta yi allura, ta yi tafiyar ƙafa wadda ba ta saba ba a fili mai faɗi, ba ta kuma ci ba. Insulin ba ya jiran mutum ya ga abincin da ransa ke so. Haka ƙwayoyi irin gliclazide da glibenclamide, su ma suna iya faɗar da sukari idan an tsallake abinci.

Idan ma'aunin sukari ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, ko aka ga alamun nan ba ma'auni a kusa, a ba ta sukari mai saurin shiga jini kimanin giram 15: rabin kofin asir, ko cokalin cin abinci ɗaya na sukari a ruwa, ko dabino uku. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau ta bi da abinci sosai. Lemon kwalba marar sukari ba ya aiki a nan, cakulan kuma maiƙonsa na jinkirta shi. Idan ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, a kwantar da ita ta gefe a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997.

Kada tsoro ya sa ki bar ta a gida. Tsohuwar da ta zo daga nesa, ganin jikoki na wasa yana cikin abin da ya kawo ta. Ki shirya mata nata: ta ci abin da ta saba a gida kafin fita, a auna sukarin kafin a tashi da kuma tsakiyar yawo, dabino ya kasance cikin jakarta ita kanta, ba a hannun wanda ya tafi layin lilo ba. A can ma za a samu abin da zai karɓe ta, kamar gasasshiyar kaza ko kifi, laban (nono) da ɗan burodi. In mandi ne, wato shinkafa da nama, ta ci naman ta rage shinkafar. Tun 2019 hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a takardar abinci. Yana taimakawa, amma adadin kalori ba shi ne adadin sukari ba, gwangwanin lemo na mililita 330 kaɗai yana ɗauke da sukari wajen giram 35. Biron insulin kuma kada a bar shi a mota, zafin da ya wuce digiri 30 yana rage ƙarfinsa. Da kun dawo ki duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu, mai suga kan ji ciwo bai sani ba. Ki kai ta ga likita ya duba adadin allurar kafin fita ta gaba. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ma ana samun shawarar likita a kanta.

Wata uwa daga Jidda: Mun tsaya mun ci ful (waken fava da ake ci a ƙasashen Larabawa) da tamis a hanyar malahi. Bayan kwana biyu idon ɗana mai shekara huɗu ya yi ɗorawa, fitsarinsa kamar baƙin shayi. An ƙara masa jini, aka ce G6PD ne. Ƙannensa fa?

Hajiya, kin kyauta da kika kai shi da wuri. G6PD wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Wanda aka haifa da ƙarancinsa, idan ya ci ful, ƙwayoyin sukan farfashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa Larabawa ke kiran ciwon da sunan ful ɗin. Yana da yawa a Afirka ta Yamma da nan ƙasashen Larabawa. Namiji daga wajen uwa yake gadonsa, kuma maza ya fi kamawa. Kowane ɗanki namiji na iya kasancewa da shi, matan ma a gwada su. Gwajin jini ne mai sauƙi, kuma kafin a yi shi kada ƙannen su ci ful.

Shi kansa yaron, ful ya fita daga abincinsa har abada, ɗanye ko dafaffe. Ki kula da falafel, wato ɗa'amiyya, domin sau da yawa da ful ake haɗa ta ko a gauraya shi da waken hummus. Ki tambayi mai sayarwa, in bai tabbatar ba a bari. Wakenmu na ƙosai da alala wani iri ne daban, ba shi ake nufi ba. A fitar da ƙwallayen kafur na cikin tufafi daga gidan, kada kuma a sa wa jaririn gidan lalle kafin a gwada shi. Duk likitan da zai rubuta masa magani a gaya masa, saboda irin su primaquine na zazzaɓin cizon sauro, da dapsone da nitrofurantoin, suna iya tayar da abin. Wannan ya fi muhimmanci idan kun je gida Najeriya ko Nijar hutu. In an maimaita gwajinsa yanzu ya nuna lafiya, kada ki yarda da shi tukuna: jinin da aka ƙara masa na iya ɓoye ƙarancin, sai bayan kamar wata uku ake samun sahihin sakamako.

Wani kaka daga Makka: Jikata 'yar shekara biyu takan yi kuka sai an ba ta gugguru irin na yayyenta. Akwai illa?

Akwai, Alhaji, kuma ta fi ta alewa girma. Yaron da bai kai shekara huɗu ba bai iya tauna sosai ba, maƙogwaronsa kuma siriri ne. Gugguru, gyaɗa, inabi ɗungurungum, alewa mai tauri da tsiran-alade na kaza da aka yanka zagaye-zagaye su ne kan gaba wajen shaƙe yara, musamman a wurin da yaro ke ci yana gudu yana dariya. A zaunar da ita kafin a ba ta komai, a raba inabi gida huɗu ta tsawonsa, gugguru kuma a musanya mata da ayaba ko yogot.

Idan ta shaƙe tana tari da ƙarfi, a bar ta ta yi tarin, kada a zura yatsa ana lalube. In murya ta ɗauke, ba kuka ba numfashi, a sunkuyar da ita a buga tsakanin kafaɗunta da gindin tafin hannu sau biyar, sannan a tsaya ta bayanta a danna saman cibiya ciki da sama sau biyar, ana maimaitawa, wani kuma na kiran 997. Jaririn da bai cika shekara ba, ƙirji ake danna masa da yatsu biyu maimakon ciki. Ko abin ya wuce, idan tari ko shessheƙa ya biyo baya cikin kwanakin, a kai ta asibiti a faɗa musu ta taɓa shaƙewa, domin ɓarin gyaɗa kan zauna a huhu ba tare da hoton ƙirji ya nuna shi ba.