Baffa, ga yadda muke biya wa baƙo kuɗin mota a Landan

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, kuma na gane abin da ya tsaya maka a rai. An ce maka a Landan yaro zai shiga mota tare da dattijo, kowa ya biya nasa, yaron ko a jikinsa. Ka ce shin haka zaman Turai ya mayar da mu? Wanda ya kawo maka labarin bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya gani.

A nan babu kwandastan da za ka miƙa wa kuɗi ka ce "mutum biyu". Tun watan Yulin 2014 bas ɗin Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi kwata-kwata. Hukuma ɗaya ce, wadda ake kira TfL, a ƙarƙashin magajin gari, take riƙe da bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jirgin DLR mai tafiya ba direba, da na kan titi da ke Croydon, har da layin Elizabeth da aka buɗe a 2022. Duk kati ɗaya ke shigar da kai. Ko dai shuɗin katin Oyster da aka fito da shi a 2003, wanda kake zuba wa kuɗi tun kafin ka fita, ko katin bankinka, ko wayarka. Kana ɗora shi a kan wani faifai rawaya, ya yi ƙara, ƙofa ta buɗe.

To ga inda gizo ke saƙar: kati ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka. Ko ina da fam dubu a cikin nawa, ba zan ɗora shi sau biyu a ƙofar jirgi in shigar da ni da kai ba. Dalili kuwa, na'urar lissafin tafiyar kowane kati take yi daban. A jirgi, ban da na kan titi, sai ka taɓa wajen shiga, ka sake taɓawa wajen fita, domin an raba birnin shiyya-shiyya daga tsakiya zuwa waje, kuma nisan da ka yi da lokacin da ka fita su ke yanke kuɗin. Daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe a ranakun aiki ya fi tsada, haka daga 4 zuwa 7 na yamma. Wanda ya manta bai taɓa wajen fita ba, sai a cire masa kuɗi mafi yawa, tunda ba a san inda ya sauka ba. Wannan shi ne karatun farko da muke yi wa duk wanda ya zo.

Akwai abin da nake yaba wa tsarin nan da zuciya ɗaya. Idan kuɗin da ka kashe a yini ya kai wani iyaka, sauran tafiye-tafiyenka na ranar kyauta ne, kuma akwai irin wannan iyakar ta mako, daga Litinin zuwa Lahadi. A 2016 magajin gari Sadiq Khan ya kawo sauƙin canza bas cikin awa ɗaya ba tare da sake biya ba, a 2018 aka ce ko bas nawa ka hau cikin awar, biya ɗaya ne. Ga 'yan'uwanmu mata masu aikin kula da tsofaffi, masu fita tun duhun asuba su canza bas biyu ko uku, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Amma sai ka riƙe kati ɗaya tun safe har dare. In ka taɓa da waya da safe, da yamma ka taɓa da kati, lissafin ya rabu biyu, rangwamen ya wuce ka.

Yanzu amsar tambayarka. Al'adar ba ta mutu ba, Baffa, wuri ta sake. Da wuya ka shiga gidan Bahaushen da ya daɗe a nan ka rasa katin Oyster na baƙi a ajiye, kuma doka ta yarda a ara wa wani irin wannan katin. Kafin mu je tarbar mutum a filin jirgin sama na Heathrow, mun riga mun zuba masa kuɗi. Dattijon da aka gani yana ɗora katinsa da hannunsa, sau da yawa yaron da ke bayansa ne ya cika katin tun jiya da dare, kuma ba zai faɗa ba. Ɗalibin da ya zo gaishe mu ranar Juma'a, in zai tafi sai a raka shi tasha, a tsaya gaban na'ura a ce "kawo katinka". Wannan shi ne kuɗin motar da ake damƙa wa baƙo a bakin ƙofa.

Abu ɗaya ne muke ja wa juna kunne a kansa, kuma ni ina da zafi a wajen. Mazauna Landan da suka kai shekara 60 suna samun katin tafiya kyauta mai ɗauke da hotonsu, yara 'yan makaranta ma suna da nasu. Wani sai tausayi ya ɗebe shi ya ce wa baƙo "riƙe na Hajiya ka je ka dawo". Ba ma yarda. Amana ce aka ba mutum ɗaya da sunansa. Masu bincike suna shiga bas da jirgi ba sanarwa, tarar rashin tikiti fam 100 ce tun 2024, kuma amfani da katin kyauta na wani yana iya kai mutum gaban alƙali. Baƙon da ya zo da bizar ziyara bai kamata mu jefa shi cikin wannan ba.

Jikokinka ƙanana har yanzu ba a biya musu, domin yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta yake shiga bas, a jirgi ma haka in yana tare da babba mai biya. Kai kuwa, tunda ba mazauni ba ne, katin dattawa ba zai same ka ba. Naka yana nan cikin aljihun tebur, in Allah ya kawo ka da shi zan tarbe ka a Heathrow. Ka gaida su Inna da mutan gida duka.