Tambayi Likita: Miyar korin Tailan, tsarin paleo, da masu ajiye magani

Tambaya: Likita ni ɗan kasuwa ne, ina yawan zuwa Bankok ta ƙasar Tailan saro kaya kuma na fara tsarin paleo, wato cin abinci irin na mutanen zamanin da can, don rage tumbi. Miyar korinsu ta shiga tsarin?

Amsa: Alhaji asalin miyar ba ta da laifi, madarar kwakwa ce da barkono da tafarnuwa da wata irin citta tasu sai nama ko kifi, duk paleo ta yarda da su. Matsalar a gidan abinci take, suna zuba sukari irin mazarƙwailarsu su soya da man waken suya, ga kwanon shinkafa da ake dire maka a gefe, alhali paleo ta hana hatsi da wake da sukari. Nau'in miyar da ake kira Massaman da Panang kuwa galibi da gyaɗa a ciki, ita ma an hana. Ka zaɓi koriya ko ja, ka ce a rage sukari. Kuma ka tambaya ko halal ne, alade ba baƙo ba ne a kicin ɗinsu.

Tambaya: Mai hawan jini zai iya ci?

Amsa: Sama-sama. Babban cokali ɗaya na ruwan kifin nan nam pla da suke zubawa a miyar ya haura rabin gishirin da ya kamata ka ci a yini. Ka auna jininka akai-akai.

Tambaya: Mamana na da ciwon suga, ƙawarta ta ce in ta bar tuwo da shinkafa tana shan man kwakwa da safe sai ta ajiye magani. Yau kwana 9 ba ta sha ba.

Amsa: Innalillahi! 'Yar'uwa ki ajiye wayar nan ki kai Mama asibiti yau ɗin nan, ba gobe ba. Wallahi wannan shawarar ƙawaye ta ishe ni, mutum bai taɓa riƙe na'urar gwajin suga ba amma shi ke sallamar mara lafiya. Rage tuwo da shinkafa yana saukar da suga, gaskiya ne, amma ba ya warkar da ciwon kuma man kwakwa kitse ne kawai, ba magani ba. Suga na iya hawa shiru yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa ita tana cewa garau take. Sannan kada ki ce bari ta koma shan maganin yadda ta saba alhali ta daina cin tuwo, in insulin ne ko ƙwayar glibenclamide suga zai iya faɗuwa, sai gumi da karkarwa har suma. Likitanta ne zai daidaita maganin da sabon abincin. In kin ga yawan fitsari, ƙishirwa, amai ko ta fara ruɗewa, ko tsakar dare ne ku tafi. Ki tafi da kwalayen maganin a jaka.

Tambaya: Yajin kori na kawo olsa?

Amsa: A'a, yawanci ƙwayar cutar da ake kira H. pylori ce ko magungunan ciwon jiki irin ibuprofen. Yaji dai yana tayar da zafin. In bayan gida ya yi baƙi, asibiti.