Abin da Ɗanlami ya gani, kai ba ka gani ba

Habu, tambayar da ka yi mini a mota ranar da muke dawowa daga Kajuru na ji ta sarai, na yi shiru ne don akwai ƙannenka a wurin. Ka ce wata bakwai kana cikin ƙungiyar nan tamu ta yi wa baƙi kiɗa da rawa, ka fi Ɗanlami turanci, ka fi shi iya koroso, amma duk ranar da baƙi suka zo shi nake miƙa wa makirfo, kai kuwa in ce ka tsaya gefe ka riƙe ruwa. Ka ce in gaya maka abin da ka rasa. To zauna ka ji.

Turancinka ya fi nasa, ya ma fi nawa, wannan babu gardama. Amma ka tuna dattijuwar Baturiyar nan da ta zauna a kujerar ƙarshe ranar? Kai kana tsaye kusa da ita da gorar ruwa a hannu, idonka yana kan masu rawa, bakinka yana motsi kana bitar bayanin da za ka yi da a ce kai aka ba dama. Ɗanlami yana can gaba, amma shi ya lura fuskarta ta yi ja, ta daina fifita, ta fara jingina. Ya yi wa mai kalangu ido aka taƙaita kiɗan, ya ce wa jama'a a koma inuwa saboda wai a can sautin ya fi daɗi. Bai ce don ita ba ne, balle ta ji kunya. Ruwan da ya kamata ta sha tun minti goma baya yana hannunka. Ban sa ka riƙon ruwa don wulaƙanci ba, na sa ka ne a inda ake ganin fuskokin mutane duka, ina jiran ranar da za ka zo ka ce mini, "Baba, mutumin can ya gaji," ko "yaran can sun tsorata da ƙarar ganga." Har yau ba ka zo ba.

Ni ma haka aka yi mini. Lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, da aka yi babban hawan daba a nan Kaduna, ina ɗan shekara goma sha biyu, aikina ɗaukar wa maigidana tabarma da buta. Garin ya cika da baƙi daga ƙasashe, har otal ɗin Durbar aka gina saboda su. Maigidana, Allah ya jiƙansa, turancinsa bai wuce gaisuwa ba, amma sai ka ga Turawa da baƙaƙen Amurka sun kewaye shi suna dariya. Da yamma yakan tambaye ni, wa ka ga bai yi dariya ba yau? In na ce ban lura ba, ranar babu tsire.

Wanda ya biya kuɗin mota ko jirgi ya zo kallo, ya ajiye aikinsa ne yana son ya huta, kuma a garin da ba nasa ba yake, bai san abin da ya dace da wanda bai dace ba. A ransa akwai ɗan tsoro ko da bai nuna ba. Aikinka na farko ka cire masa wannan tsoron. Ka riƙe sunansa tun gaisuwar farko. In sunan ya yi maka wuya ka ce ya maimaita, babu wanda ke jin haushin wannan. Daga nan ka raɗa wa mai kalangu. Ka san kalangu magana yake yi, in aka matse tsarkiyarsa a hammata murya ta hau, in aka saki ta sauka. Ranar da baƙo ya ji ganga ta kira sunansa, ka gama da shi, duk abin da ka kawo bayan nan zai karɓa.

Sai maganar baki. Kai in ka samu Bature sauri kake yi don ya san ka yi makaranta. Rabin masu zuwa mana turancin ba harshensu ba ne, Jamusawa ne ko Faransawa ko 'yan Sin, su ma lallaɓa shi suke yi. Gajeriyar magana, ka tsaya, ka dubi fuska. Kuma kada ka ce za ka fassara kirari kalma bayan kalma, zai fito kamar zancen mahaukaci. Gaya masa wanda ake wa kiɗan da dalili. Ka ce kalangu asalinsa na mahauta ne. Ka nuna masa kumatun mai algaita, ka ce yana shaƙar iska ta hanci yana busa wadda ya tara a baki, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Za ka ga sun matso suna leƙe. Wannan ya fi musu dogon tarihi.

Baƙin gida kuwa, waɗanda jirgin ƙasan Abuja ke saukewa a tashar Rigasa ranar Juma'a, su ne suka fi yawa yanzu, kuma su ne suka fi wuyar sha'ani, don sun san abin. Ba za ka burge Bakano da koroso kawai ba. A nan ne wasan taubasantaka yake aiki, kuma a nan ne yara irinku suke ƙonewa. In ka tabbata mutum Bakano ne, kai kuma Bazazzagi, to ka samu nama, ka tsokane shi, shi ma zai rama, zauren ya ɗauki dariya. Bakatsine da Banufe haka, Bafulatani da Babarbare haka, Bagobiri da Bayarabe haka. Amma sai ka tabbata. Hula ba ta nuna garin mutum. Kuma ka auna shekaru da matsayi, ka bar shi ya fara in ya girme ka, ka bar shi ya yi nasara a ƙarshe, don shi ya biya kuɗi. Mutum a gaban matarsa da 'ya'yansa ba ya son a kayar da shi ko da wasa. Abin da ba ya shiga bakinka ko kusa shi ne addini da jam'iyya. Kaduna ce nan. A zaure ɗaya kana da mutumin Tudun Wada da na Sabon Tasha, na Kawo da na Kakuri, kowa da abin da ya gani a garin nan, kowa da wanda ya rasa. Raha ɗaya marar kai ta isa ta watse taro, ta kuma rufe mana ƙofar wannan wurin har abada.

Haka jan mutum cikin fili. Kada ka kama hannun matar aure ka ce ta taso ta taka, ko 'yar gida ce ko Baturiya. Ka miƙa gayyata da hannu daga nesa, in ta girgiza kai ka wuce da murmushi. Akwai 'yan matanmu, su za su jawo mata. In Bature ya ɗaga kyamara zai ɗauki wata mai tallar fura, kai ne za ka tambaye ta tukuna, in ta ƙi ka gaya masa cikin ladabi.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha, don kada ka ɗauka ni ban taɓa faɗuwa ba. Ina saurayi na kai wasu baƙi lambun shaƙatawa na Gamji, muka tsaya a gadar Lugga, na buɗe baki na ce ai a nan Gwamna Lugga ya gina ta da ya kafa Kaduna. Wani dattijo mai farar hula, tsohon malamin makaranta daga jihar Neja, ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Yaro, a garinmu Zungeru aka gina ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan." A gaban mutum ashirin. Daga nan duk abin da na faɗa sai su juya su dube shi su ga ko ya yarda. Tun ranar na koyi cewa "ban sani ba, amma zan tambayo" ba ta rage wa mutum komai. Yanzu ina jin wasu yara suna gaya wa baƙi wai katafaren ginin dutsen nan na Kajuru ya shekara ɗaruruwa, alhali wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980, da idona na san lokacin da babu shi. Ka je gidan tarihi da ke titin Ali Akilu ka zauna da ma'aikatan, ka ga kawunan yumɓun Nok da idonka, ka san cewa masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. Ka je Gidan Arewa. Kuma in ka kai baƙi can ka sauke murya, ka ajiye barkwanci a ƙofa, don a gidan ne aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, akwai masu shiga su fito da hawaye.

Za su tambaye ka batun tsaro, kusan kowa yana tambaya. Kada ka ce lafiya lau ko'ina, kada kuma ka zauna ba su labaran ban tsoro. Ka faɗi inda muke zuwa, da lokacin da muke dawowa, da dalilin da ya sa ba ma kai dare a hanya.

Akwai kuma iya cewa a'a. Wani attajiri ya taɓa zaro kuɗi masu kauri ya ce a busa masa kakaki yana shigowa. Kakaki da tambari na sarki ne, ba a busa wa kowa don yana da kuɗi. Ban ce masa bai isa ba. Na ce, "Alhaji, wannan sai mun je Zariya hawan sallah ka ji shi a inda yake da daɗi, amma ga wanda ya dace da kai," na sa aka yi masa kiɗa da kirarin kakanninsa fatake. Ya fi jin daɗi ma. In baƙo ya yi kyauta ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, ka kawo a raba. Roƙo kuwa, ko bin mutum har mota, ko haɗa baki da ɗan kasuwa a tsauwala masa don ka samu la'ada, ranar da na ji wannan ranar ka bar ƙungiyar nan.

Haƙuri ba sai na yi dogon bayani ba, ka gani da kanka. Ka tuna otal ɗin da suka ajiye mu awa huɗu a bayan kicin, sannan suka ce minti goma sha biyar kawai za mu yi? Kai ka fito fili fuska a murtuke. Baƙin ba su san an ɓata mana rai ba, ba su ne suka yi ba. Rigimar kuɗi da manaja tawa ce, bayan an tashi.

Asabar mai zuwa akwai iyali uku da za su zo daga Abuja, da yara wajen tara. Ɓangaren yaran naka ne, minti goma, bayan la'asar. Ba makirfo, ka durƙusa daidai tsayinsu, ka ba su ƙaramar ganga su buga. Kafin mu fara ina so ka kawo mini sunayensu duka a ka, ba a takarda ba, ka kuma nuna mini wanda ya fi jin kunya a cikinsu. Ka wanke farar rigar nan, ka rage turaren da kake fesawa.