Amsa: kwana uku a Budapest da kuɗi kaɗan

Malam, ka tambayi yadda ku huɗu za ku zaga Budapest, babban birnin Hangari, cikin kwana uku ba tare da aljihu ya koka ba. Shawarata ita ce ku kama masauki ɗaya mai kicin a ɓangaren Pest, wato rabin birnin da ke gabashin kogin Danube, ku raba kuɗin, ku riƙa yin cefane a babbar kasuwar birnin, domin abincin gidajen cin abincin da ke bakin kogin Danube yana da tsada, kuma naman alade ya yi yawa a girkinsu, sai an tambaya.

Ku sayi katin sufuri na awa 72. Da shi za ku hau taragon titi mai lamba 2, wanda yake bin gaɓar kogin har ya wuce ginin majalisar dokoki. Ku hau shi bayan magariba, lokacin da fitilun fadar Buda, da ke ɗaya ɓangaren kogin, suke haskawa a kan ruwa. A ganina wannan ya fi jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido. Haka kuma kada ku kasa ziyartar kabarin Gül Baba, wani sufi na zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa da ya rasu a 1541, ko da yake hawan tudun da kabarin yake kai yana gajiyarwa.

Kuɗinsu forint ne, ba yuro ba, kuma canji a filin jirgi asara ce.