Amsa ga mai fayil ɗin pcap da ya ƙi buɗuwa

Salam ɗan uwa. Wallahi da na ga tambayarka, cewa data ɗin shagonka na ƙarewa tun wata bai raba ba, kuma fayil ɗin pcap (rikodin zirga-zirgar data) da ka kamo a rawutarka ta MikroTik ya ƙi buɗuwa a Wireshark, manhajar duba irin wannan fayil, sai na ji kamar ni na rubuta. Ni ma ɗan shagon furintin da wayfai gare ni a ƙauyenmu, gefen Ringim.

Kar ka taɓa amfani da rdpcap na Scapy (kayan aikin Python na karanta pcap) a kan babban fayil, duka yake kwasowa ya zuba a RAM. Ni daren da na yi haka laftof ɗina mai 4GB ta daskare, fankarta na ta huci, inbata na ta ƙara batir ya kusa mutuwa, ina zaune ina kallo har komai ya ɗauke, ga kuɗin data ɗin ma ranto shi na yi wajen yayana. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. PcapReader na Scapy ɗin za ka sa, shi fakiti (ƙunshin data) ɗaya bayan ɗaya yake karantowa. Ko ka fara daddatsa fayil ɗin da editcap -c 100000 (fakiti dubu ɗari a kowane guntu; editcap da tshark kayan aikin Wireshark ne), sannan kowane guntu ka ba shi tshark -r guntu.pcap -q -z endpoints,ip zai jero maka wanda ya fi sha.

Kai, da lissafi ya fito ashe yaron da na koya wa taifin ne, wanda muke cin kwano ɗaya, ya raba fasuwod wa 'yan majalisarsu, bayan isha'i su zauna a dakalin bayan shago suna sauke fina-finai. Da na kai ƙara wajen babansa cewa ya yi wai ai iska ce, wa ya taɓa sayar da iska. Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake, ko haƙuri bai ba ni ba.

Af, ka tabbata ta ɓangaren bridge (inda na'urorin shago ke haɗuwa) ka kamo, in ta WAN ne (ɓangaren fita intanet) NAT, wato sauya adireshi da rawuta ke yi, zai mayar da kowa adireshin IP ɗaya. Abin da ke cikin HTTPS (haɗin da aka kulle da lambar sirri) ba za ka gani ba, kuma ba ruwanka da shi, sirrin mutane ne, amma tshark da -T fields -e dns.qry.name zai nuna sunan shafukan. MAC ma, wato adireshin shaida na kowace na'ura, kar ka dogara da shi sosai, sababbin wayoyi suna ɓoye na ainihi.

RAM ɗinka nawa ne tukuna?