Amsa ga ɗan'uwan da aka yi wa tayin fatar damisa

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce wani ya kawo maka fatar damisa da kwalbar kitsen zaki a nan Jos, kana so ka saya ka kai wa amininka da ke Dubai tsaraba, kana tambaya ko da laifi tunda dabbar ta riga ta mutu. Na ga wasu sun ba ka shawarar ka naɗe fatar a cikin darduma ka wuce abinka. Don girman Allah kada ka yi haka. Aikin gandun daji na yi har na yi ritaya, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai.

Ta fuskar doka babu wani kwana-kwana. Damisa tana cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wato dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk suna cikin yarjejeniyar. A gida muna da dokar kare irin waɗannan dabbobin ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016, tarar da a da take naira 1,000 ta koma ta miliyoyi. In ka tsallake kwastam a filin jirgin Abuja, na can suna jiranka. A watan Oktoba na 2023 hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli ta ƙone kayan da aka kama a Abuja, ciki har da fatun damisa da na mesa da na kada.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wannan "ai ta riga ta mutu". Ita kam ta mutu. Kuɗin da za ka bayar kuma na wadda ke yawo a daji yanzu ne, domin mai kawo fata ba ya komawa sai ya ga akwai kasuwa. In ya sayar yau, gobe zai aika wa yaransa kuɗin wayar tarko da harsashi.

Ka juya fatar nan ka duba wajen wuya ko ƙugu ko ƙafar gaba. Sau da yawa za ka ga wani zobe inda gashi ya zube, wani lokaci har da ɗinki an rufe shi. Wannan shaidar tarkon waya ce. Wayar birkin babur ake warwarewa a yi zarge da ita, a ɗaure a gindin bishiya a kan hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Damisa in ta faɗa ba ta tsayawa, fizga take yi, wayar na ƙara nitsewa cikin nama. Na taɓa isa inda aka yi irin wannan: ƙasar wajen duk ta tone ta, ɓawon bishiyar ya sale har iya tsayin mutum, ga guntun haƙorinta a ƙasa don ta yi ta cizon ƙarfe. Mai tarkon ba ya zuwa kullum, sai ta kwana biyu ko uku a haka. Kuma waya ba ta zaɓe, gada da barewa duk tana kamawa, abincin da damisa da zaki za su ci ke nan yake ƙarewa.

Zakin ma ya fi shiga uku. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kusan 400 ne, mafi yawansu a dazukan W da Arli da Penjari da ke iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin. A Najeriya wurare biyu kawai aka same su, Yankari a jihar Bauchi da gandun dajin Kainji, kuma duka ba su kai 50 ba. To ka yi lissafi da kanka, kitsen zakin da ake tallarsa a kasuwanni da tashoshin mota daga ina yake fitowa? A sanina yawancinsa kitsen shanu ne, an cuce ka. In kuwa na gaske ne, an rage ɗaya daga cikin 'yan tsirarun nan. Mai ciwon gaɓoɓi ya je asibiti a duba shi.

Ba na ɗora wa kowa laifi iri ɗaya. Makiyayin da zaki ya kashe wa saniya asara ya yi ta gaske, na zauna da su na ga ɓacin ransu. Sai dai in aka barbaɗa guba a mushen, zaki ya ci ya mutu, kuraye su ci, ungulaye su sauko su zube gaba ɗaya. Daga nan dillali ya bayyana ya sayi fata da farce da kitse, abin da ya fara da ramuwa ya zama sana'a. Dillalin nan shi ne yake ƙwanƙwasa maka ƙofa yanzu.

Ka ce masa ba ka so, kada ma ka taya, don tayawar kaɗai tana nuna masa akwai mai sha'awa. In kana da hali ka sanar da ofishin NESREA na jiha ko jami'an gandun daji, ba sai ka yi sa-in-sa da shi ba. Wanda kuma ya gaji tsohuwar fata daga kakanni, kamar gidajen sarauta da na mafarauta, ya bar ta a gida, kada ya sayar, kada ya fita da ita waje ba takardar izini.

Maganar tsaraba kuwa, ka shiga Naraguta wajen dukawa ka sa a ɗinka wa amininka jaka ko takalmi ko filon zama na fatar akuya da aka jeme. Ka ba su kamar mako biyu kafin ranar tafiyarka don aikin ya fita da kyau. Allah ya kai ka lafiya.