Agogona ya ce iska na tafe, na je bakin teku na tarar da shiru

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatu a Kef Taun ta Afirka ta Kudu. Wata huɗu ke nan ina koyon sulun ruwa da laima a gaɓar Bulubag, wasan nan da mutum ke tsayawa kan allo iska na jan sa. Na sayi agogo mai auna matsin iska, aka ce mini in lamba ta faɗi, iska na zuwa. Sau biyu tana faɗuwa ina kwasar kaya, in tarar da teku shiru. Ranar da ta hau kuma na zauna a ɗaki, sai ga iska har tana kaɗa taga. Agogon ne ya lalace?

AMSA: Ƙanena, agogonka lafiyarsa lau. Rabin karatu aka ba ka.

Iska tana kwararowa ne daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kamar ruwa a gangare. Lambar agogo tana faɗa maka matsin inda kake tsaye kawai, alhali ƙarfin iska yana ga bambancin da ke tsakanin nan da can. Matsakaicin matsi a bakin teku miliba 1013 ne, amma kada ka tsaya haddar wannan. Duba ina lambar ta dosa, da kuma saurinta. Miliba ɗaya cikin awa uku ba abin tada hankali ba ne. Uku ko fiye cikin awa uku, sama ko ƙasa, akwai magana.

To ga abin da ya ruɗe ka. Iskar da ’yan wasan Bulubag ke jira, wadda mutanen gari ke wa laƙabi da Likitan Kef don tana share hayaƙin birni, daga kudu maso gabas take zuwa, galibi daga Nuwamba zuwa Maris. Tana kankama ne lokacin da babban matsin Tekun Atilantika ta Kudu ya kutso ta kudancin ƙasar, wato lokacin da lambarka ke hawa. Faɗuwar lamba a can sau da yawa sanarwar wani baƙo ne daban: sanyi da ruwa daga yamma, da iskar arewa maso yamma, musamman daga Yuni zuwa Agusta. Kafin ya iso kuwa akan yi ɗif. Cikin wannan shirun ka je sau biyu.

Allah ya hutar da kai, domin babban ma’auni na nan kyauta a gabanka: Dutsen Tebur, mai tsayin mita 1,085. Idan iskar kudu maso gabas ta ɗauko danshin teku ta hau da shi dutsen, sai ya yi sanyi ya zama farin gajimare, ya shimfiɗu a kai kamar mayafi. Ka tsaya ka kalle shi da kyau. Gefensa na zubowa ta fuskar birni kamar nono daga ƙwarya, yana ɓacewa kafin ya kai rabin dutse. In siriri ne yana malala a hankali, ranarku ce ta masu koyo. In ya yi kauri yana tumbatsa, ɗauki ƙaramar laima, ko ka zauna kan yashi ka yi kallon gwanaye. Iskar ta fi tsananta bayan azahar, don haka mai koyo ya yi sammako.

Ruwan ma yana magana. Fararen kumfa jefi-jefi a kan igiyoyi, iska ta doshi kilomita 20 a awa, laima za ta tashi. In teku ta yi fari fat, an haura 40, ba wurinka ba ne tukuna. Siraran gajimare can ƙololuwa kamar gashin da aka taje, da zobe kewaye da rana, in suna ƙara kauri lamba na sauka, canji na tafe cikin kwana ɗaya ko biyu.

Baƙin hadari kuwa, ɗan Kano ba ya bukatar darasi. Ka san sanyayyar iskar nan da ke riga ruwa isowa a farkon damina, ta kwashe shanya ta yaye kwano? Ita ce dai a teku. Ni ma na taɓa raina ta. Na hango baƙin layi a yamma, na ce bari in ƙara zagaye ɗaya. Kafin in kai gaɓa laimar ta fizge ni, ta ja ni kan yashi da ciki, sai da na bugi makullin sakin igiya. Mako biyu ina sallah a zaune. Da ka hango baƙin hadari, sauke laima tun iska ba ta juya ba.

Kuma ko me agogo ya ce, ka tsaya a bakin ruwa ka watsa yashi sama. In ya nufi teku kai tsaye, kada ka shiga, don iska za ta ja ka can cikin teku. Tsibirin Robin, inda Mandela ya yi shekara 18, yana can kimanin kilomita bakwai, ruwan kuma ƙanƙara ne.